Takalmin da Ya Bi Yaya Har Kasuwar Lolo

Ƙafata lamba arba'in da huɗu ce. Na fara da wannan ne saboda duk wanda zai ba da labarina a Lolo da shi yake farawa, to gara in riga shi. Tun ina aji biyar na firamare takalman mata suka yi sallama da ni. 'Yan ajinmu suka sa mini suna mai kwale-kwale, wai idan kogi ya kawo ba sai na nemi jirgi ba. Na doki biyu daga cikinsu, sauran suka koma faɗa a bayan idona. Har na gama sakandare da silifas ɗin maza nake yawo. Ranar Sallah kuwa, lokacin da kowace yarinya take ƙwas-ƙwas a tsakar gida, ni sai dai in saki zane ƙasa ya rufe.

Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata. Ana yaye ni aka kai ni Kende wurin kakata, ita na tashi ina kira Inna. Mahaifiyar tawa kuwa na bi bakin ƙannenta ina ce mata Yaya, kuma har yau ban sauya ba. Kunyar ɗan fari kowa ya san ta, amma ta Yaya ta fi ta kowa a zuriyarmu. Rashin kiran sunana ba komai ba ne, mata da yawa haka suke. Ita magana ma ba ta yi mini kai tsaye. Idan na je Lolo hutu tana son in ɗauki tsintsiya, sai ta kalli bango ta ce, "A ce ma ɗiyar Inna tsakar gida na son shara." In babu kowa a gidan, akuya take gaya wa. Wallahi na sha tsayawa ina jiran akuya ta gama karɓar saƙo kafin in motsa.

Yanzu abin dariya yake ba ni, amma ya ci mini rai shekara da shekaru. Ƙannena suna hawa cinyarta, tana tsefe musu kai, tana zaginsu irin zagin nan mai daɗi. Ni ko zazzaɓi na kwanta, iyakarta ta aiko a tambayi ko mutanen Kende lafiya. Inna takan ce mini al'ada ce, in kwantar da hankalina. Ni kuwa mutum ce mai son ganin abu da ido. Na girma, na yi karatu, na sami aikin koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata a Bagudo, na yi aure na haihu, Inna ta rasu, amma tambaya ɗaya ta ƙi barina. Matar nan kunyata take ji, ko kuwa ba ta damu da ni ba ne kunyar ta zo ta rufa mata asiri? Babu wanda zan tambaya, ita kuma na san gara a yanka ta da ta amsa.

Takalmin mata na farko da ya shige ni, Madam ce ta ba ni. Madam mutuniyar kudu ce, shagonta na sabulu da madara da sukari yana jikin rumfar da Yaya take sayar da gumi, wato turarriyar shinkafa, a kasuwar Lolo. Ta fi shekara talatin a garin. Ranar Lahadi tana coci, ranar Sallah tana gidanmu tana zaɓen tsokar da ta fi kyau, Hausarta kuwa ta Lolo ce tsantsa, har ta fi tawa. Shekarar da na fara aiki, ana saura kwana biyu Babbar Sallah, ta kira ni cikin shago ta miƙo mini leda. Takalmi ne ruwan ƙasa, mai ɗan tudu kaɗan, da ƙaramin maɗauri a gefe. Na zura ƙafa ta shige kamar an auna.

"Ƙanena ad da shagon takalma can gida," in ji ta. "Na ce shi duba miki."

Na yi kuka a shagon nan, mace baliga da ni. Tun daga lokacin kowace Babbar Sallah sai leda ta zo, ni kuma sai in kai wa Madam kwalbar man shanu da ƙwan zabi na godiya. Akwai shekarar da na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Na tsaya a bakin shagon na ɗaga murya yadda Yaya za ta ji daga rumfarta, na ce Allah ya ba ni uwa a kasuwar nan. Madam ta yi tari. Yaya ba ta ko ɗago ba, ta ci gaba da auna wa wani mutum shinkafa.

Shekarun baya kaɗan ƙannena maza suka haɗu suka saya wa Yaya babbar waya. Masu sayen guminta da yawa mutanen ƙetaren iyaka ne, suna son ganin hoton shinkafa kafin su tsallako. Layi biyu ta sa, namu da na can, kamar kowa a Lolo. Ta taɓa yin ajin yaƙi da jahilci, tana haɗa baƙi a hankali, sai ga shi ta iya buɗe shafin hasashen ruwan sama don ta san ranar shanya, da shafin labarai, da wani na addu'o'i. Ban koya mata ko ɗaya ba, ni da nake koya wa 'ya'yan mutane. Ta ina za a fara, malama da ɗaliba suna magana ta bakin akuya?

Wata Alhamis, saura kamar wata guda Sallah, ina fitowa daga aji Madam ta kira ni. Muryarta kamar mai danne dariya, kamar kuma mai damuwa. Ta ce in zo Lolo, wayar Yaya ta haukace, ta rantse in ba a gyara ba kogi za ta jefa ta, kuma kasuwar da ta wuce ba ta fito ba. Yaya ba ta fashin kasuwa. Ta taɓa zama a rumfar nan da ƙafa a kumbure, an ɗora mata a kan buhu.

A hanya, cikin mota, wata mai daddawa ta ba ni labarin, don duk garin ya ji. Yaya tana da taubasai biyu a kasuwa, ɗaya mai busasshen kifi, ɗaya mai albasa, bakinsu ba ya hutawa, kuma wasan taubasai ba a fushi da shi. Ran nan wani baƙo ya tambayi ko za a yi ruwa kafin ya kai buhunansa bakin jirgi a Dole Kaina. Yaya ta buɗe shafin hasashe ta ɗaga wayar sama tana nuna masa, cikin gadara. Sai ga takalmi ya cika fuskar wayar, ruwan ƙasa, da lamba arba'in da huɗu rubuce da ja. Mai kifi ta leƙo, ta kalli takalmin, ta kalli ƙafar Yaya wadda ba ta fi ta 'yar shekara goma sha biyu ba, ta tafa hannu ta ce, "Jama'a ku zaka ku gani! Ƙahwa guda ta duk Lolo mai wagga lamba. Ashe ana son ɗiyar hwari a ɓoye!" Kafin azahar sun mayar da shi waƙa, suna kiɗa da ƙoƙo. Yaya ta rufe buhunanta ta tafi gida.

Mai daddawar tana ba ni labari tana kallon ƙafata. Ni kuwa zuciyata ta yi wani irin tsalle, na yi maza na danne ta. Na san waya, na san tana iya jawo wa mutum tallan da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Na isa gida da la'asar. Yaya tana zaune a inuwar ɗaki, fuskar nan a ɗaure tamau. Wayar tana can nesa a kan turmin da aka kife, kamar abin da zai yi cizo. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa iska. Sannan ta juya wajen wata jar akuya da ke tuƙa a gindin rumbu.

"A ce ma ɗiyar Inna, Madam ta ari wayag ga ta duba kayan shagonta. Tun ran nan takalmi ka bi na. Ko ina nish shiga shina nan. A hidda min shi."

Na ɗauki wayar. Na buɗe shafin labarai, ga takalmi a gefe. Na buɗe na hasashen ruwa, ga shi a tsakiya. Na buɗe na addu'o'i, ina cewa nan dai zai ji kunya, sai ga shi a ƙasan addu'ar fita daga gida, da tagwayensa baƙaƙe. Na juya layin ƙetare, ya biyo ni da Faransanci, daga wani shago a Kwatano. Dariya ta kufce mini. Yaya ta harari akuyar.

To, tunda ta bakin akuya ake magana a gidan, ni ma na gyara zama na fuskance ta. Na ce a gaya wa Yaya wayarta lafiyarta ƙalau, ba aljani ba ne, ba kuma wani ne ya yi mata asiri ba. Na ce ta tuna jan zaren da take ɗinkewa a kunnen buhunta, wanda ko a Dole Kaina masu lodi suka gani sun san na wace ce ba sai an yi magana ba. Shafukan intanet ma haka suke yi. Duk wanda ka shiga sai ya ɗaura wa wayarka ɗan zarensa, kukis ake ce musu, don in ka dawo ya gane ka. Wasu masu amfani ne. Su ne suke sa shafin hasashe ya tuna Lolo kike ba sai kin sake faɗa ba, su ne suke sa shago ya tuna abin da aka ajiye a kwando. Amma akwai na masu talla. Su suna da rumfa a kusan kowane shafi, in sun ɗaura zarensu a shagon takalma, duk inda wayar ta sake shiga sai su gane shi, su ce ga mai neman takalmin nan ta zo, a nuna mata.

Yaya ta juya maganar a ranta. Sai ta ce wa akuyar, da zafi, "Ni buhuna ni ka sa ma zare, ba buhun wani ba. Wa ya ba su izni?"

Na buɗe wani sabon shafi, akwatin nan ya faɗo, mai tambayar ko an yarda. Na ajiye wayar a kan tabarma na tura ta tsakaninmu. Ta leƙo da wutsiyar ido.

"Wanga? Ai na ɗauka sallama shi ka yi. Mutum shi yi maka sallama ka ƙi amsawa?"

Ashe duk akwatin da ya fito, da Turanci ko da Faransanci, sai ta danna babban maɓallin nan mai haske, har tana cewa wa alaikumus salam a ranta. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Ku duba da kanku. Wajen yarda sun yi shi ƙato, kore shar, ko makaho ya lalubo shi. Wajen ƙi kuwa sun rubuta shi da toka-toka, ƙanana, wani lokaci sai ka bi ƙofa biyu kafin ka same shi. Wannan ba tambaya ba ce, wayo ne, kuma har gobe yana ba ni haushi, musamman in na tuna irin su Yaya da aka rena a kan cewa ƙin amsa wa baƙo rashin tarbiyya ne.

Na ɗauki wayar na ce zan gyara, amma bari in je in gaida Madam tukuna. Gaskiya faɗa na tafi yi mata. Na same ta tana jera gwangwanaye. Na ce, "Madam, ke da kike da waya wadda ta fi ta kowa a layin nan, mi ya kai ki ara ta Yaya? Kin ga abin da kika jawo mata?"

Ta ajiye gwangwanin hannunta. Ta leƙa waje, ta dawo, ta tura mini kwalin sabulu da ƙafa ta ce in zauna.

"Ni na gaji," in ji ta. "Shekara goma sha biyu ina cin godiyad da ba tawa ba. Ko a coci an ce muna ƙarya ba ta da kyau."

Ta ce shekarar da na fara aiki, na zo Lolo, na fito daga wanka na taka jiƙaƙƙiyar ƙasa a bakin makewayi. Ina shiga ɗaki Yaya ta zari tsinken tsintsiya ta auna sawun, ta karya daidai tsawonsa, ta ƙulle a bakin zane ta kawo shago. Ta ce a aika wa ƙanen Madam can kudu, a nemo takalmin mata mai tsawon tsinken nan, kuma in maganar ta fita ita da Madam sun rabu har abada. Tsinken ya yi tafiya a cikin ambulan. Tun daga nan kowace shekara Yaya take biya, ita take zaɓen launi, ita take cewa kada a yi mai tsini don mai shi tsayuwa take yi a aji. Bara ƙanen ya tsufa ya rufe shago ya koma ƙauye. Shi ne Madam ta nuna mata yadda ake nema a waya, sau ɗaya tak. Sauran duk ita ce. Kullum kasuwa ta lafa sai ta shigo shagon ta ɓuya bayan katan, ta buɗe, ta ƙura ido, ta ce a karanta mata ko fatar mai laushi ce.

Na ce, "To man shanun da nike kawo miki?"

Madam ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. "Ke kin taɓa ganin na ci man shanu? Cikina ba shi son shi. Kina juya baya ni ka miƙa mata ta bayan rumhwa. Ƙwan zabin dai ni ka cinye abina, ladan ɗaukar saƙo na."

Na zauna a kan kwalin nan ina dariya ina share hawaye da bakin mayafi. Ban taɓa jin daɗi irin na ran nan ba, ko ranar aurena, kuma maigidana ya san na faɗi haka. Ga kuma kunya da ta lulluɓe ni da na tuna ranar da na ɗaga murya na ce na sami uwa a kasuwa. Tana ji, tana auna shinkafa, da takalminta a ƙafata.

Madam ta ce in je in faɗa mata na sani, a huta. Da niyyar haka na fito. A hanya na shirya maganata tsaf, yadda zan durƙusa, yadda zan kira ta da sunan da ban taɓa kiran ta da shi ba. Wayar tana hannuna. Na san inda tarihin bincike yake, taɓawa ɗaya ce, in ga duk ranar da ta nema da duk abin da ta kalla, wataƙila ma ba takalmi kaɗai ba. Shekara talatin da wani abu ina neman shaida, ga ta a tafin hannuna. Yatsana ya je wajen ya tsaya.

Da na shiga gida na same ta ta juya baya tana bakace. Na tsaya ina kallon 'yan ƙafafunta da tsohon lalle a jiki. Sai na ga abin a fili. Masu tallan nan ba su tambaye ta ba suka kwashi abin da ke ranta suka baza a kasuwa. In na buɗe tarihin nan, me ya raba ni da su? In kuma na durƙusa na ce na sani, ni zan sami sauƙi, ita kuwa na ƙwace mata hanya ɗaya tilo da ta iya ba ni abu. Ba za ta sake iya shiga shagon Madam ba. Na mayar da yatsana, na nemi akuyar.

Na ce a gaya wa Yaya za a goge zarurrukan duka, amma ita za ta danna da hannunta, don wayarta ce. Na buɗe wajen gogewa a wayar, na ajiye ta a tabarma. Na ce sai dai a sani, in an goge, masu amfanin ma za su tafi. Shafin hasashe zai sake tambayar gari, shagon takalma kuma zai manta abin da Madam ta ajiye a kwando.

Faifan ya tsaya a hannunta. "Har kwandon?"

"Har kwandon."

"A goge," in ji ta. "Ai na san lambar." Sai ta yi wuf ta ƙara, "Madam ta san lambatta, ni ka nuhi."

Allah ya taimake ni akuyar ta kama bakin mayafina a daidai lokacin, na duƙufa ina kokawa da ita har fuskata ta koma daidai. Yaya ta goge yatsa a zane ta danna. Na rufe wa masu talla ƙofa ta cikin saiti, kada su riƙa bin ta shafi zuwa shafi. Na nuna wa akuyar wata taga ta daban da ake buɗewa in ana son duba abu ba tare da wayar ta riƙe sawu ba, na ce ba wai tana ɓoye mutum ga duniya duka ba ne, amma in an rufe ta zaren da aka ɗaura a ciki ya tafi, in Madam ta sake aro sai ta yi amfani da ita. Yaya ta ce a sake nuna wa akuyar wannan, ba ta gane ba. Na nuna sau uku.

Sai muka shiga koyon ƙi. Na yi ta buɗe shafuka, akwati yana faɗowa, tana farautar ɗan rubutun toka-tokan nan da ido a tsuke. In ta same shi sai ta soke shi da yatsa ta ce, "Ban yarda ba!" Na Faransanci ma ba ta bar su ba. Ban taɓa ganin mutum yana jin daɗin rashin kunya kamar Yaya a yammacin nan ba. Har ta manta ta yi dariya muna haɗa ido, ta yi sauri ta mayar da ita kan akuya.

Can ta tambayi rumbu, murya ƙasa-ƙasa, ko mai gyaran ta ga wani abu a ciki. Na ce wa rumbun talla kawai na gani, kuma talla kowa ana aika masa.

Saura taubasai. Waya ta gyaru, amma waƙa tana nan a bakinsu, kuma na san Yaya ba za ta koma rumfa ba muddin ana kiɗa mata ƙoƙo. Labarin aron Madam bai ci kasuwa ba, kowa ya san tana da tata. Sai na zauna da tawa wayar na yi ta neman takalma lamba arba'in da huɗu, duk akwatin da ya fito na amsa masa sallama da hannu biyu. Ranar kasuwa na ɗauki hutu na dawo Lolo, na wuce kai tsaye wurin mai kifi. Na gaishe ta, na buɗe shafin labarai a gabanta kamar ba da gangan ba. Takalmi ya faɗo. Na dafe kai na ce na shiga uku, abin nan ya biyo ni nan ma, ran nan da na zo cajina ya ƙare na ɗauki wayar Yaya ba da saninta ba na nema, ga shi na jawo mata magana.

Mai kifi ta kalle ni, ta kalli ƙafata. Ban sani ba ko ta yarda, tsohuwa ce mai wayo. Amma an miƙo mata sabon nama, ba za ta ƙi ba. Ta ƙwala wa mai albasa kira, "Ke, ashe mai kwale-kwale ta da kanta! Jirgi ka neman rumhwa!" Sunan da na doki mutane a kansa ina yarinya, ran nan na tsaya tsakiyar kasuwa ana rera mini shi da ƙoƙo, ina taya su tafi.

Kafin rana ta take Yaya ta fito, da buhunanta a baro, ta zauna a kujerarta kamar ba abin da ya faru. Ba a yi sati biyu ba ta zama malamar layin shinkafa, duk wadda akwati ya faɗo mata sai ta kawo a nemo mata wajen ƙi. Madam ta ba ni labarin ranar da mai kifi ta kawo tata, Yaya ta buɗe, sai ga tallan maganin rina furfura. Ta ɗaga wayar sama ta ce jama'a su zo su gani. Mai kifi ma ta sami waƙarta.

Ana saura kwana biyu Sallah Madam ta kira ni cikin shago ta miƙo leda, ba ta ce komai game da ƙanenta ba. Na ba ta man shanu kwalba biyu a maimakon ɗaya, na fito bakin shago na yi godiya da ƙarfi. Na ce Allah ya saka wa duk wanda ya sa hannu a takalmin nan, Allah ya ja kwanansa, ya sa ya ga jikokin jikokinsa. Madam ta ce amin.

Na zauna a kan benci na sa su. Ruwan ƙasa ne, fata mai laushi, ba tsini. Na zo wucewa ta gaban rumfar, sai mudun Yaya ya karkace, shinkafa ta zube a ƙasa daidai ƙafata. Yaya ba ta zubar da shinkafa. Ta sauko daga kujera ta durƙusa tana tsincewa ƙwaya-ƙwaya, kanta a ƙasa. Na tsaya cak. Sai na ji babban yatsanta a kan bakin takalmin, ta danna a hankali tana laluben inda yatsana ya tsaya, ta koma ɗaya ƙafar ta danna. Ta miƙe, ta zuba 'yan ƙwayoyin a buhu, ta karkaɗe hannu, ta kalli mudun.

"A ce ma mai takalmi ta taka mu gani."

Na taka. Na bi layin shinkafa har ƙarshensa, na wuce masu albasa, na juyo ta wajen masu kifi, ƙwas-ƙwas, na ɗage zanena sama da idon sawu. Da na dawo tana auna wa wata mata gumi, kwalaben man shanu biyu suna leƙowa daga ƙarƙashin kujerarta.